Mun Je Tambayar Tsuntsaye Ranar Shuka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke fitar da matafiyi Ya kuma maido shi gida. Ku 'ya'yana da jikokina kun sha tambayata labarin tafiyar da muka yi da Kawu Jibo zuwa tabkin bayan Bungudu. To ga shi nan zango-zango, yadda na riƙe shi.

Asabar: 'Yankuzo zuwa Tsafe

Mun bar 'Yankuzo ranar Asabar, zakara ya yi cara ta biyu, gabas ba ta fara ja ba. Mu biyu ne da jaki ɗaya. A kan jakin akwai tabarma, da gorar ruwa, da garin fura ɗaure a tsumma, da goro goma da liman ya ba mu mu kai gaisuwa. Sallar asuba a bakin wata ƙoramar yashi muka yi ta, da taimama.

Sai in gaya muku abin da ya fitar da mu. Shekarar ita ce wadda ta bi bayan babbar yunwa, Nasara na da shekara goma da 'yan kai a ƙasar nan. Abin da ya rage wa garinmu na iri, gero da dawa, mai gari ya sa an tara shi a rumbu ɗaya a ƙofar gidansa, aka yaɓe bakin da laka, don kada yunwa ta sa mu cinye gobenmu. Shuka ɗaya zai yi. In ta ƙone, babu ta biyu.

Ranar Laraba sai aka yi ruwa, ya jiƙa ƙasa kamar zurfin yatsa uku. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a fasa rumbu a yi binne, wato a rufe iri a ƙasa ya jira ruwa na gaba. Wasu suka ce ruwan bazara ne, a dakata. Kawu Jibo, ƙanen mahaifiyata, shi ne bakin masu son shuka, kuma Allah ya yi masa baki. Ni ina cikin masu tsoro. Da gardama ta ƙi ƙarewa, liman ya tuna da wani tsohon masunci, Baba Bawa, da ke zaune bakin wani tabki yamma da Bungudu. Ya ce mutumin ya ƙarar da rayuwarsa yana kallon tsuntsayen da ke zuwa suna komawa, har manoma na zuwa daga nesa su tambaye shi ko damina ta kusa.

Mai gari ya dube mu ya ce, “Jibo, kai da Ummaru za ku tahi, ɗaya daga kowane gehe. Abin da kunka zo da shi da baki ɗaya, shi za a yi. Rumbu ba shi buɗuwa sai kun dawo.”

Mun iso Tsafe hantsi ya ɗaga. Mai tsaron ƙofa ya taɓa kayan jakin da sanda ya ce, “Fatauci?”

Kawu ya ce, “A'a. Za mu gaida tsuntsaye ne, mu ji ko sun kwana lahiya.”

Mutumin ya yi dariya har ya jingina da bango, ya ce mu wuce. Muka sauka gidan wani maƙeri, abokin Kawu tun suna samari. Maƙerar cike take da masu gyaran sungumi, kowa na shirin shuka. Kawu ya riƙa zungurata da gwiwar hannu yana cewa in buɗe ido in ga masu hankali. A kasuwa na sayi hoce biyar kobo guda, abin da a shekarun ƙoshi kobo ke sayen goma sha biyu. Kawu ya ci uku, ya ce shi ne babba.

Lahadi: Tsafe zuwa Kwatarkwashi

Mun tashi bayan asuba don mu ci ƙasa kafin rana ta buɗe. Masu mota yanzu na cewa daga Tsafe zuwa Gusau mil talatin bai cika ba, mu kuwa kwana biyu muka ba shi, don bazara ce, kuma babu mai ƙarfin jiki a shekarar. Kawu da can ƙato ne, yunwa ta zabge shi har riga na yawo a jikinsa, amma jakin bai yarda ya rame ba. Duk sanda ya hau, sai jakin ya kafe. In ya sauka, sai ya kama tafiya kamar an kira shi cin dusa. Sau huɗu ana haka, Kawu ya haƙura ya ce jakin ɗan ɓangarena ne.

Ɗorawa ta nuna a lokacin. Da rana ta take muka fake gindin wata, na hau na kaɗo, muka dama garin a ƙwarya muka sha, bakinmu duk ya yi rawaya. Wata Bafillatana ta biyo da nono, ta ba mu ludayi shida a kan anini uku, ta ƙara mana ɗaya don Kawu ya yi mata fillancin da shi kaɗai ke jinsa.

Tun azahar muke hangen dutsen Kwatarkwashi, amma sai bayan la'asar muka isa gindinsa. Mikiya biyu na kewaya kansa. Kawu ya ce mu tambaye su mu huta da tafiya. Muka kwana a zauren limamin wata unguwa, aka kawo mana kwaɗon tafasa da ƙuli, muka gode.

Litinin: Gusau

Mun shiga Gusau da walaha. Gulbi ya ƙafe, sai yashi fari da mata na tonon ruwa a tsakiyarsa. Mun sauka wurin Malam Sanda majemi, ɗan garinmu da ya koma can da zama, ya yi murna da mu ƙwarai, ya sa aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka har da ɗan man shanu a kai. Rabona da man shanu tun kafin yunwa.

A kasuwa babu zancen da ake yi sai na shuka. Wani mutumin Wanke ya ce su sun gama binne tun jiya. Wani na Magami ya ce su ko taɓa iri ba su yi ba. Kawu ya kama hannun na Wanke ya riƙe kamar ɗan uwansa, na Magamin kuwa ko kallonsa bai ƙara yi ba. Ni dai na sayi gishiri na kobo biyu don mu haɗa da goron liman, kada mu je wurin tsoho da hannu ɗaya.

Talata: Bungudu da bakin tabki

Daga Gusau zuwa Bungudu rabin yini ne, hanya na bin gulbi. Mun isa ana kiran azahar. Bayan mun yi salla na tambayi mai tsaron ƙofa hanyar gidan Baba Bawa mai tabki. Ya ce, “Ba ku ji ba ke nan. Allah ya jiƙan Bawa. Wata biyar ke nan da rasuwa tai.”

Kwana huɗu muna tafe, gari guda na zaune yana jiranmu, wanda aka aiko mu wurinsa kuwa yana ƙasa. Kawu ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya juya kan jaki.

“To, Ummaru, Allah ya raba gardama. Mu koma a yi binne.”

Na ce, “Kawu, mun zo har nan da goron mutum a hannu. Mu koma ba mu yi wa iyalinsa ta'aziyya ba? In Inna ta ji, mi za ka ce mata?”

Kawu na tsoron yayarsa, mahaifiyata, fiye da kowa a duniya. Ya sake juya jakin.

Muka bi wata siririyar hanya cikin fadama, tsakanin la'asar da magariba muka hango tabkin. Rani ya ci rabinsa, gefensa duk taɓo ne da ya tsattsage, amma abin da ya rage ya fi filin idin garinmu sau goma. Kafin mu ga ruwan kuwa mun ji shi: wani irin surutu ne kamar kasuwa ta cika daga nesa. Na tambayi wani mai ɗinkin koma ko yau kasuwarsu ke ci. Ya ce tsuntsaye ne. Shi ne Labbo, ɗan marigayin, magidanci mai 'ya'ya. Ya kai mu wurin mahaifiyarsa, Inna Kulu.

'Yar tsohuwa ce ƙarama, baƙa, tana zaune ƙofar bukka tana juya kifi a kan wutar banda. Takabarta ta ƙare ba da daɗewa ba. Muka durƙusa muka yi ta'aziyya, muka ajiye goro da gishiri. Ta sa aka kawo mana ruwa, ta bari muka sha, sannan ta ce, “Ta'aziyya na karɓa, Allah shi ba da lada. Amma mutanen Tsahe ba su san Bawa ya mutu ba balle su taso gaisuwa. Iri kunka zo tambaya.”

Na ba ta labarin rumbunmu tun daga farko. Ta saurara tana juya kifinta. Da na gama ta ce, “Gobe da asuba Labbo shi kai mu gado.”

Kawu ya ce, “Inna, ai mai gadon ya tahi.”

Ta ce, “Malam Jibo, shekara ashirin Bawa ya yi ba shi ganin tahin hannu nai. Yanar ido ta rufe mishi gani. Ni ka zama kusa da shi, in ce ga abin da ya sauka, ga abin da ya tashi, shi ko shi ce ga abin da yake nuhi. Baƙi na zuwa su ji bakinsa su tahi. Ba su taɓa tambayar da idon wa ya gani ba.”

Da muka koma masauki Kawu ya ce mini a hankali, “Yanzu mu koma 'Yankuzo mu ce wa dattawa tsohuwa ta ce?” Na ce mu dai je mu gani. A daren mun ci kifi har muka bar saura, abin da ban yi zaton zan sake gani ba.

Laraba: kan gado

Gadon nan wani dandamali ne na itace a kan ƙafafu shida, irin wanda ake hawa a kori tsuntsu a gona, sai dai ya fi faɗi, zai ɗauki mutum biyar. Yana kan wani ɗan tsibiri cikin ruwa, an kewaye shi da zana, an bar tsaga daidai idon wanda ke zaune. Inna ta ce don korar tsuntsu daga shinkafa Bawa ya fara kafa shi, kallo ya ɗauke masa hankali har tsuntsu ya cinye shinkafar. Labbo ya tura mu a kwalekwale bayan sallar asuba, ya koma kamun kifinsa. Tsohuwar ta riga mu hawa tsani.

Da gari ya fara wayewa na sa ido a tsaga. Ni manomin tudu ne, tsuntsun da na sani shi ne wanda ke cin gerona. Abin da na gani a safiyar nan ban san Allah ya halicce shi da yawa haka ba. Ruwan kansa ba ya ganuwa sai nan da can. Ƙirinjijiya sun rufe wani gefe, fuskokinsu farare, suna ta fito ba hutawa. Ga dinya manya suna kiwo a ciyawa kamar tumaki. Kwasakwasa sun yi sahu suna koro kifi, su tsoma baki tare su ɗaga tare, kai ka ce liman ke gabansu. Zalɓe na tsaye shi kaɗai, ba ruwansa da kowa. A bakin taɓo kuwa wasu 'yan ƙanana masu dogon baki ne, ba su ƙidayuwa, in suka tashi sai su juya a sama lokaci ɗaya, su yi fari, su yi baƙi, su sake yin fari.

Kawu ya ce da ƙarfi, “Kai, wanga nama duk na wa?”

Duk abin da ke kusa da mu ya tashi. Sai Inna ta ɓare goro ta miƙa masa ɓari, ta nuna bakinta. Ya sa a baki ya yi shiru. Sai da muka jira wajen rabin sa'a kafin su dawo.

Da suka natsu ta fara nuna mana, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce mu bar kallon masu yawa, mu dubi wasu 'yan agwagi ƙanana can tsakiya, mazansu na da farar gira tun daga ido har ƙeya. Ta ce waɗannan baƙin rani ne, daga arewa suke zuwa bayan kaka, daga inda babu wanda ya taɓa zuwa ya dawo da labari. Muddin suna kan ruwan nan, duk ruwan da ya sauka ba na damina ba ne. Sannan ta nuna ƙirinjijiya ta ce mu duba ko mun ga biyu sun ware kansu. Muka duba, babu, duk a garke suke. Ta ce in damina ta matso biyu-biyu suke rabuwa, su bar taro su nemi ciyawa.

Da hantsi ta taɓa kafaɗata ta nuna sama. Can ƙololuwa wasu baƙaƙe bakwai masu farin ciki na kewayawa ba sa kaɗa fiffike. Kawu ya manta da goronsa.

“Shamuwa. Ga shamuwa nan ta iso, Inna. Mi ya rage kuma? Ko yaro ya san shamuwa da ruwa take tahe.”

Ta ce, “'Yan leƙe ne. Dubi bakinsu in sun sauko.”

Suka sauko kan wani gawo, muka duba, babu komai a bakinsu. Ta ce shamuwar da ta zo zama, kara take ɗauka ta kai bisa itace. Wadda ta zo leƙe, fara take ci ta kwana ta wuce. Waɗannan gobe ba za mu gan su ba.

Na ce, “Inna, to yaushe ne?”

Ta ce, “Ɗana, ni ban san gaibu ba, Bawa ma bai sani ba. Tsuntsu ma bai sani ba, sai dai ya riga mu jin iska. Ku ƙara kwana guda. Masu girar nan kwana uku ke nan suna ci ba su barci, kuma sun fara tashi suna dawowa ba a kore su ba. In Allah ya so gobe da magariba za ku ga abin da ba kowa ka gani ba.”

Kawu ya ce mini a cikin kwalekwale, “In sunka tashi gobe kamar yadda ta ce, sai in saurare ta. In ba su tashi ba, kai ka jan jaki har gida.”

Alhamis: tashin baƙi

Da safe gawon nan wayam, shamuwa sun wuce. Mun yi yinin a kan gado, Labbo ya kawo mana fura da gasasshen kifi. Wajen la'asar gauraka biyu suka sauka dab da mu, da tukkunsu kamar zinariya, suka kama rawa: su rusuna wa juna, su buɗe fiffike, su yi tsalle, su sake rusunawa. Na waiga na ga Kawu ya toshe bakinsa da hula, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba, yana dariya ba ƙara. Inna ita ma tana murmushi. Ta ce Bawa yakan ce a gaya masa duk tsallen da suka yi, kada a rage masa ko ɗaya.

Rana ta yi ja, iska ta kwanta. 'Yan agwagin suka taru tsakiyar ruwa, duk suka fuskanci gefe ɗaya, suna wani kuka kamar ana goga tsinke a bakin ƙwarya. Wani garke ya tashi, ya kewaya tabkin, ya dawo. Ya sake tashi, wasu suka bi shi. A karo na uku ruwan gaba ɗaya ya ɗaga. Ƙarar fukafukansu na ji ta a ƙirjina, ɗigon ruwa daga jikinsu ya zubo mana ta saman zana. Suka kewaya sau biyu suna hawa, rana na haska cikinsu daga ƙasa, sannan suka miƙe arewa, layi bayan layi, har suka zama kamar zare, har ido ya gaza.

Can Inna ta ɗaga hannu ta ce, “Ku sauka lahiya. Bana ni kaɗai na raka ku.” Ta share ido da gefen zane.

Kawu ya gyara zama, ya durƙusa gabanta a kan gadon nan kamar yadda ake yi wa malami. Ya ce, “Inna, faɗa mini abin da zan kai gida.”

Ta ce, “Tsakanin tashin waɗannan da ruwan shuka, abin da munka saba gani kwana ashirin ne, ko ya ɗara kaɗan ko ya gaza kaɗan. Amma kafin nan akwai wani ruwa, hadarinsa na nan kudu, bai wuce kwana uku ba. Zai yi kyau, zai cika kwari, kowa zai ɗauki sungumi. Shi ne mai cin iri. Ku bar shi ya wuce. Ku sa ido kan itacen da shamuwa ka sheƙa a garinku. Ran da kunka ga ta ɗauki kara, ruwan da ya biyo baya naku ne. Allah shi ne masani.”

Juma'a da Asabar: komowa

Mun yi sallama da hantsin Juma'a. Inna ta ɗaure mana banda guda takwas, ta ƙi karɓar ko anini. Mun sami Juma'a a Bungudu, muka kwana Gusau wurin Malam Sanda. Ranar Asabar muna dab da Kwatarkwashi, bayan azahar, kudu ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, muka ruga wata rumfar makiyaya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya har la'asar. Da ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi na kuka, mutane sun fito gonaki da sungumi, mata na bin su da ƙorai, ana guɗa. Wallahi ni da nake ɓangaren jira sai da zuciyata ta raurawa.

Na ce, “Kawu, anya? Dubi ruwan nan hwa.”

Ya ce, “Kwana nawa ta ce?”

“Uku.”

“Yau kwana nawa?”

“Biyu.”

“To ɗaure kayan jakin nan da kyau. In wanga ruwa ya kai gida, ba mai iya riƙe mutanenmu, ni na san su, ni na zuga su. Gobe a 'Yankuzo za mu yi magariba.”

Lahadi: gida

Zango biyu muka haɗa a yini ɗaya. Mun tashi tun kafin asuba, Tsafe ko zama ba mu yi ba, ruwa kawai muka sha a tsaye a ƙofar maƙeri. Kawu ne a gaba, yana jan jaki, ni da ya ba ni shekara ashirin ina binsa da ƙyar. Rana na shirin faɗuwa muka shiga gari.

Ruwan ya kai can. Maza duk suna ƙofar mai gari da sungumi a kafaɗa, shi kuma yana zaune ya jingina bayansa da rumbu tun safe, ya ce sai dai a ɗauke shi. Da aka gan mu, mutanen Kawu suka yo kansa suna murna. Wani ya ce, “Jibo ya iso, a kawo gatari a fasa.”

Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce, “Ba a fasawa.”

Ya ba da labarin duk abin da muka gani, bai rage ba. Wani dattijo ya ce, “Bawan ne ya faɗi haka?”

Kawu ya ce, “Bawa ya riga mu gidan gaskiya. Matarsa ta faɗa, ita ce idonsa tun da can.”

Aka fara guna-guni. Wani ya ce a kan maganar tsohuwa za a bar wannan danshi ya tafi a banza? Kawu ya juya gare shi.

“Duk cikinku wa ya hi ni son shuka? Ni na tahi don in ƙaryata. Ta ce tsuntsu zai tashi da magariba, ya tashi ina kallo. Ta ce shamuwa za ta wuce, ta wuce. Ta ce wanga ruwa na tahe, ga shi kuna taka shi. Wanda ya gaya maka uku ka gani da idonka, ka ba shi na huɗu. In irin ga ya lalace don mun jira, ku kama ni.”

Mai gari ya dube ni ya ce, “Ummaru, bakinku ɗaya?” Na ce ɗaya ne. Ya ce to an gama. Aka watse, wasu na zagi ƙasa-ƙasa.

Bayan haka

Kwanakin da suka biyo ba su yi daɗi ba. Gonakin ƙauyukan da suka shuka suka yi kore shar, namu na nan ja, yaranmu ma kunyar zuwa kasuwa suke. Kawu ya daina zama dandali, kullum yana gindin tsamiyar masallaci, inda shamuwa ke sheƙa, ya ɗaga kai sama. Sai rana ta buɗe. Ko gajimare babu. A kwana na goma tsiron maƙwabta ya fara nannaɗewa, a na goma sha huɗu ya kwanta. Babu wanda ya yi farin ciki da haka a garinmu, don 'yan uwanmu ne, amma zagi ya tsaya.

Kwana goma sha tara da tashin agwagin, da hantsi, muka ji Kawu na kiran sunan mai gari tun daga masallaci, yana gudu, hularsa a hannu. Shamuwa ta sauka kan tsamiya da kara a baki. Bayan kwana uku aka yi ruwa tun azahar har magariba, washegari aka ƙara. Mai gari ya fasa rumbu da hannunsa, aka raba iri gida-gida. Kawu na sara ina binsa da ƙwarya ina zubawa ina rufewa da diddige, daga wannan gona zuwa waccan, har muka gama gonakin gidajenmu biyu a kwana uku. Ruwa bai ƙara yankewa ba. Da shuka ta kai cira, mutanen ƙauyukan da tasu ta ƙone suka zo da kwanduna, muka ba su abin da muka cire suka yi dashe, su ma suka sami na bakin salati.

Nan tafiyar ta ƙare, kwana tara tsakanin fita da dawowa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu lafiya. Allah ya saka wa maƙerin Tsafe, da limamin Kwatarkwashi, da Malam Sanda, da Labbo, waɗanda suka ciyar da baƙo a shekarar da mutum ke ɓoye loma ga ɗansa. Allah ya jiƙan Kawu Jibo, wanda ya tsaya gaban mutanensa ya ce ya canja magana. Inna Kulu kuwa, da kaka muka aika mata dami shida, aka ce ta yi dariya ta ce Bawa bai taɓa samun fiye da biyu ba. Ban sake ganinta ba. Ku dai ku sa ta cikin addu'a, don duk wanda ke zaune gabana yau, ko shi ko uwarsa ko ubansa, da geron wannan shekara aka yaye shi.